Ƙanena ya faɗa shan koken: ƙarin ruwa, gidan mari ko aure?

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa. Ƙanena mai shekara 27 shi nake aikawa Duwala saro kaya. Wajen shekara biyu ke nan kuɗi suna yin ƙafa a hannunsa, ya rame, yakan kwana biyu bai runtsa ba, sannan ya kwana biyu yana sharar barci. Watan jiya na kama shi da bututun gilashi da wasu 'yan farare kamar tsakuwa. Ya amsa cewa hodar iblis ce wadda ake zuƙa, kuma kullum yana haɗawa da tramol. Ya yi kuka, ya rantse ya bari, kwana tara ya koma. Yanzu gida ya rabu uku: Hajiyarmu ta ce a yi masa ƙarin ruwa a wanke jininsa, kawunmu ya ce a tsallaka da shi gidan mari, 'yan'uwa mata sun ce a yi masa aure zai natsu. Wanne zan bi? Kuma ana warkewa kuwa?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba ka ladan ɗawainiya. Ana warkewa, mutane da yawa sun bari har abada. Amma cikin shawarwarin nan uku babu wadda za mu ce ka bi.

Mu fara da ta Hajiya, don ita ce ta fi yawo a bakin jama'a. Jiki da kansa yake fitar da koken, wato hodar iblis, kuma da sauri. Cikin kamar awa ɗaya rabin abin da ya shiga jini ya riga ya narke. Burbushinsa da ake gani a fitsari yakan ɓace cikin kwana 2 zuwa 4, ga wanda ya daɗe yana sha da yawa kuma yana iya kaiwa mako biyu. Wato ranar da ƙaninka ya koma, a kwana na tara, jininsa ya wanku ko ya kusa, ba tare da an ɗaura masa ko leda ɗaya ba. Abin da ya mayar da shi a ƙwaƙwalwa yake. Akwai wani sinadari, dofamin, da ƙwaƙwalwa ke saki kaɗan-kaɗan idan mutum ya ci abinci mai daɗi ko ya ci riba, sannan ta kwashe shi. Koken yana toshe hanyar kwashewar, sai sinadarin ya taru fiye da kima. Wanda ake shaƙa ta hanci yakan yi minti 15 zuwa 30 yana aiki. Wanda ƙaninka ke zuƙa, wanda a kudu suke kira kayu, yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi, ya sake shi cikin minti 5 zuwa 10, shi ya sa mai shansa ke kunna wani bayan wani har kuɗin hannunsa su ƙare. Bayan shekara biyu a haka, abu biyu sun faru. Jin daɗin yau da kullum ya dusashe masa, abinci da hira da ciniki duk lami. Sannan ƙwaƙwalwarsa ta haddace duk abin da ke zuwa kafin zuƙa: damin kuɗi a aljihu, sunan wani a waya, ɗakin masauki a Duwala, ƙarar ƙyasta wuta. Da ya ci karo da ɗayansu sai kwaɗayin ya taso masa tun kafin ya yi tunani. Ƙarin ruwa ba ya goge hadda.

Har yau babu wata allura ko ƙwaya da hukumomin magunguna suka amince da ita a matsayin maganin jarabar koken, a Kamaru ko a Turai. Masu jarabar heroyin suna da irin su metadon, masu koken ba su da makamancinsa. Duk wanda ya ce maka yana da maganin da zai cire shi cikin kwana uku, na asibiti ne ko na gargajiya, komai tsadarsa, kuɗinka yake so. Abin da ke aiki tsari ne na watanni, kuma rabinsa a hannunka yake tunda kai ke riƙe da kuɗi da aiki.

Kafin tsarin, akwai abin da ya fi gaggawa a wasiƙarka, kuma ka ambace shi a gurguje: tramol. Barin koken lokaci ɗaya yana da wahala amma ba ya kashe jiki. Tramol da ake sha kullum ba a yanke shi farat ɗaya. Wanda ya yi haka zai gamu da ciwon gaɓoɓi, zawo, gumi, rashin barci, firgici, wani har ya riƙa jin murya ko ganin abin da babu, kuma wannan azabar kaɗai ta isa ta mayar da shi ga duka biyun. Likita ne zai rage masa a hankali cikin makonni. Ka tambaye shi guda nawa yake sha a yini da lambar da ke jikin katin. Iyakar abin da likita ke bayarwa miligiram 400 ne a yini, na kasuwa kuwa akwai mai 200 da 225 da 250 a ƙwaya ɗaya, biyu kawai sun kai iyaka ko sun haura. Tramol da koken kowannensu yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, haɗa su ninka haɗarin ne. Ka tambaye shi kuma ko yana shan giya ko diyazefam, ƙwayar sa barci, ka tambaya ba da tsawa ba don ka sami gaskiya. Giya da koken idan suka haɗu hanta tana haɗa wani sinadari da ya fi daɗewa a jini kuma ya fi cutar da zuciya, kuma giya da diyazefam su ma yanke su farat ɗaya ga wanda ya saba yana iya kisa.

Don haka matakin farko asibiti ne. Ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta kafa cibiyoyin kula da masu shaye-shaye da ake kira CSAPA a manyan asibitoci. Ku je babban asibitin yanki a nan Garwa ku nemi wannan sashe ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Idan lamarin ya fi ƙarfinsu su ne za su tura ku gaba, irin asibitin Jamot a Yawunde. Ku nemi a auna hawan jini, a yi gwajin bugun zuciya, a duba HIV da ciwon hanta nau'in B da C, don bututun da ake karɓa-karɓa da leɓe a fashe yana iya ɗaukar cuta, kuma mai maye ba ya kiyaye kansa wajen mata. A ƙirga ƙwayoyin jini ma: ana yawan gauraya koken da levamisol, maganin tsutsar dabbobi, wanda ke karya farin jini har mutum ya riƙa zazzaɓi da gyambon baki. Ka bar shi ya gana da likita shi kaɗai na ɗan lokaci. Akwai abin da ba zai faɗa a gaban yayansa ba, kuma likita yana da wajibin rufa asirin majiyyaci.

Yanzu ga abin da za ku gani idan ya bari, don kada ku fassara shi ba daidai ba. Kwana uku ko huɗu na farko barci ne da cin abinci kamar ba gobe da baƙin rai. Ku bar shi ya yi barcinsa, ku ba shi abinci da ruwa, kada a tashe shi don yi masa wa'azi. Amma kada a bar shi shi kaɗai a gida, domin a kwanakin nan ne tunanin kashe kai ya fi zuwa, ga kunya ga bashi. Ka tambaye shi kai tsaye: kana tunanin kashe kanka? Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa sauƙi take kawo masa. Ku kawar da maganin ƙwari na auduga da na ɓera da tarin ƙwayoyi daga gidan. Idan ya ce e, ranar za ku je asibiti.

Bayan nan sai ya farfaɗo, ya yi wanka, ya je masallaci, ya ce ya warke, gida ya yi ta hamdala. Nan ne aka fi yin sake. Daga ƙarshen mako na farko har zuwa wajen mako na goma, abin da ke damunsa rashin jin daɗin komai ne, kasala, saurin fushi, barci mai yankewa, mafarkin yana zuƙa, da kwaɗayi mai zuwa yana tafiya. Kwana taran da ka ambata daidai bakin wannan zangon ne. Rantsuwarsa ba lallai ƙarya ba ce, an dai mayar masa da waya da kuɗi a lokacin da ya fi rauni. Idan rashin barci ya dame shi kada a sayo masa diyazefam a tebur, ƙara jaraba ta uku ne. Idan baƙin rai ya wuce wata guda bayan ya daina sha, likita ya duba ko akwai ciwon damuwa a ƙasa, kuma a gaya masa batun tramol, don wasu magungunan damuwa ba sa jituwa da shi.

Ga tsarin. Na farko kuɗi. Wata uku kada ya riƙe tsabar da ta wuce ta shayi da babur. A cire shi daga karɓar ciniki, a rufe asusunsa na Orange Money da MoMo ko a mayar da shi hannunka da yardarsa, a canja masa layi, tsohon a karya shi. Goge lamba ba ya wadatarwa, dila shi ke kira. Ka zauna da Hajiya ka yi mata bayani a tsanake, domin a gidaje da yawa ta wajen uwa tsarin ke yoyo: ya zo da marairaita, ta kunce bakin zane. Ka ce mata duk abin da take so ta ba shi ta saya ta ba shi, abinci ko sutura, ban da kuɗi. Idan akwai bashin dila kuma ana yi masa barazana, kada a ba shi kuɗin ya kai da kansa, zuwa biyan bashi shi ne zuwa sayen sabo.

Na biyu, gwaji da tukuici. Wannan hanya ita ce ta fi kowace hujja a binciken jarabar koken, tun aikin da Stephen Higgins da abokansa suka yi a Jami'ar Vermont ta Amurka a farkon shekarun 1990. Ana gwada fitsari a kai a kai, duk ranar da ya fito babu koken a ba mutum tukuici nan take, tukuicin yana ƙaruwa muddin bai karya ba, idan ya karya ya koma farko. Mun san wani zai ce, a biya mutum don ya bar haramun? Hikimar ita ce koken yana biya cikin daƙiƙa goma, lafiya da mutunci kuwa sai bayan watanni suke biya, ƙwaƙwalwar da ta saba da na nan take tana buƙatar wani abin kusa da za ta riƙe kafin na nesa ya iso.

Yadda za ka yi a gida: gwaji sau biyu a mako, misali Litinin da Alhamis, mako 12, gwaji 24 ke nan. An zaɓi wannan tazarar ce saboda burbushin na kwana 2 zuwa 4 ne, idan ka yi sau ɗaya a mako zai iya sha ranar Talata ya fito fes ranar Litinin. A matsayin misali, ka fara da sefa 500, kowane gwaji mai kyau ka ƙara 250. Na ƙarshe zai kai 6,250, jimilla 81,000 idan bai karya ko sau ɗaya ba. Ka kwatanta da abin da ya ɓace maka a tafiya ɗaya. Kada ka ba shi tsaba: a rubuta a littafi a gabansa ranar, ya zaɓi abin da za a saya masa, takalmi, yadi, gyaran babur. Idan gwaji ya nuna ya sha, ko ya ƙi bayar da fitsari, babu tukuicin ranar, lissafi ya koma 500, babu zagi babu taron dangi. Idan ya jera biyar masu kyau, mayar da shi inda ya tsaya. Abin da ke lalata wannan tsari uku ne: jinkirta tukuici zuwa ƙarshen wata, yafe gwajin da ya faɗi don tausayi, da daina gwaji a mako na huɗu don an ga ya yi ƙiba.

Abin gwajin ɗan tsinke ne da ake tsomawa a fitsari, mai alamar COC. Ka tambayi ɗakin gwaje-gwaje na asibiti ko babban kantin magani, in babu su yi maka odarsa. Karatunsa yana rikita mutane don a juye yake: layi biyu na nufin babu koken, ko da na biyun ya fito dishi-dishi, layi ɗaya a wajen da aka rubuta C a jikin tsinken na nufin akwai. A karanta a minti biyar, bayan minti goma kada a yarda da abin da ya nuna. Fitsarin ya zama da ɗumi, wani namiji yana tsaye a wurin, idan ya fito fari kamar ruwan randa a sake da safe. Tramol ba ya fitowa a tsinken COC, nasa daban ne. Kuma a mako biyun farko gwaji yana iya nuna tsohon sha, kada ka ƙaryata shi a kan wannan. Idan ma'aikacin asibiti zai karɓi aikin gwajin ya fi, don kada zumunci ya koma na ɗan sanda da ɓarawo. Duk wannan sai da yardarsa, a zauna a rubuta sharuɗɗan tare.

Na uku, zama da mai ba da shawara a asibiti, ko da sau ɗaya a mako, inda zai koyi gane abin da ke tayar masa da kwaɗayi da abin da zai yi idan ya taso. Kwaɗayin yakan hau ya kai ƙololuwa ya sauka, galibi cikin rabin awa, idan ba a ciyar da shi ba. Ya san tun yanzu me zai yi a rabin awar: ya bar wurin da yake, ya kira mutum ɗaya da aka ware, ya yi alwala, ya taka da ƙafa. Ya kuma tanadi amsa gajera ga tsoffin abokai, ya faɗa ya wuce ba tare da tsayawa gaisuwa ba. Yininsa ya cika. Salloli biyar cikin jam'i sun riga sun yanka yini gida-gida, a cike tsakaninsu da aikin da ba na kuɗi ba, lodi, lissafin kaya a sito, ƙwallo da yamma. Addu'a da zama da malamin da yake girmamawa suna ƙarfafa shi ƙwarai, a haɗa su da asibiti.

Gidan mari kuwa, a'a. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Ko an sami wanda ba a duka, matsalar tana nan: an kashe maciji ba a sare kansa ba. A kulle babu kuɗi, babu waya, babu dila, don haka bai koyi komai game da zama da su ba. Ranar da ya fito haddar tana nan yadda ya bar ta, ga ƙullaci ya ƙaru, ga tramol da aka yanke masa ba likita. Haka kai shi wajen jandarma don a tsorata shi: dokar Kamaru ta 1997 kan miyagun ƙwayoyi tana hukunta mai sha, kana iya buɗe ƙofar da ba za ka iya rufewa ba. Kwantarwa a asibiti tana da wurinta, idan yana neman kashe kansa, ko ya fara zargin ana bin sa, yana leƙen taga, yana tsinkar fatarsa wai ƙwari na yawo a ciki, ko an gwada daga gida sau da yawa abin ya ƙi.

Aure ba magani ba ne. Za a ɗauko 'yar mutane a ɗora mata jinyar da ba a gaya mata ba, kayan ɗakinta su bi hanyar da kuɗinka suka bi. A bari ya shekara a tsaye, sannan a gaya wa waliyyanta gaskiya.

Akwai alamun da ba a jira da su: ciwon ƙirji, matsanancin ciwon kai farat ɗaya, karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki, jijjiga, ko jiki ya yi zafi rau yana fizge-fizge. A awa ta farko bayan shan koken haɗarin bugun zuciya yana ninkuwa fiye da sau 20, ko ga saurayi. Koken yana ɗaga zafin jiki, kuma ka san Garwa a watan Maris da Afrilu. A cire masa riga, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita a hanyar asibiti. Kada a danne shi rub-da-ciki ko a ɗaure shi, mutane suna mutuwa a haka. Mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki. A gaya wa likita abin da ya sha ba ɓoye-ɓoye, don akwai magungunan zuciya irin propranolol da ake kauce musu idan koken na jiki.

Zai iya zamewa, ka sa wannan a lissafi. Cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka tana ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na masu jinya sukan koma sha a wani lokaci, kuma jinyar da ba ta kai kwana 90 ba amfaninta kaɗan ne. Abin da ake so shi ne zamewar dare ɗaya kada ta zama ta wata uku. Ku yi alkawari tun yanzu cewa idan ya faɗa da bakinsa cikin yini ɗaya ba za a tozarta shi ba. Sai a bi sawu: ina ya sami kuɗi, wa ya gani, me ya faru kafin nan, a toshe wannan kafar, a koma asibiti a makon. A gargaɗe shi kuma cewa bayan an rage masa tramol jikinsa ba zai ɗauki adadin da ba, komawa kan tsohon adadi na iya tsayar da numfashi.

Kada ka ɗauka raba shi da Duwala ya raba shi da kayan. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ce koken da aka kama a ƙasashen Sahel, har da Chadi da Nijar, ya tashi daga kimanin kilo 13 a shekara tsakanin 2015 da 2020 zuwa kilo 1,466 a 2022, kuma inda kaya ke ratsawa wani abu yakan zube. Duk da haka tafiyar saro kaya ita ce ta haɗa masa komai wuri ɗaya, kuɗi da kaɗaici da dila, don haka ita ce ta ƙarshe da za a mayar masa. Bayan mako 12 a rage gwaji zuwa sau ɗaya a mako, sannan na ba-zata. A fara ba shi ƙananan kuɗi yana kawo lissafi a ranar. Duwala kuwa kada ya taka ta kafin wata shida na gwaji mai kyau, tafiyar farko da rakiyar babba, a sauka a wani masauki daban, kuɗin kaya ka tura wa mai kaya kai tsaye, a gwada shi ranar da ya dawo.